Koriyar Takardar Dogo

Masu bin labarin nan, na ga saƙonninku tun daga kashin da ya wuce. Wasu na cewa Auta ta cika taurin kai, wasu na cewa Dogo ba abin yarda ba ne. To ku dakata da yanke hukunci. Yau laifina zan faɗa, kuma kada wanda ya ba ni haƙuri sai na kai ƙarshe. 'Ya'yana sun san ni, ba na buɗe baki ban jefa karin magana ba. Yau na laluba ban sami ko ɗaya da zan fake a bayanta ba.

Ga wanda bai san mu ba: ni tela ce, shekara talatin da wani abu ina kan keke. Karatuna na ajin manya ne, shi ya sa za ku ga rubutuna kamar maganata. 'Ya'yana biyar, huɗu suna gidajensu, saura Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karatun injiniya. Babansu direban babbar mota ne kafin ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku da suka wuce. Tun daga nan muka dawo da gadonsa falo don ya riƙa ganin mutane. Dogo kuwa ɗan ajinsu Auta ne, shi ke neman aurenta, kuma manya sun riga sun yi magana cewa da zarar an gama jarrabawa za a sa rana.

A farkon zangon nan malaminsu, wanda suke kira Dakta, ya raba ajin mutum huɗu-huɗu, ya ce kowane rukuni ya nemo matsala ta gaske, ya yi bincike, ya ƙera maganinta. Auta ba ta je da nisa ba. Kowace safiya ni da ita muke kokawar ɗaga babanta daga gado zuwa keken guragu, ni ina dafe da ƙugu, ita tana cije leɓe, shi kuma yana kau da kai don kunya. Ta ce na'urar ɗaga majinyaci za su yi: wata aba mai taya huɗu, da hannun ƙarfe guda, da faffaɗan majanyi da za a zura ƙarƙashin mutum. Majanyin ni na ɗinka shi da yadin tamfol, ɗinki uku-uku, allura biyu na karya.

Ita aka naɗa shugabar rukuni. Sauran su ne Dogo, da wata yarinya marar hayaniya da suke kira Tabarau, da wani da suke kira Rediyo, don in ya buɗe baki sai dai a cire masa batir.

Ranar da suka shigo min da allo ina yankan riga. Farin katako ne, suka kafa shi da ƙusa huɗu a bangon da ke kallon gadon Babansu.

Na ce, "Hoton wa za a liƙa?"

Auta ta ce, "Umma, wannan da kike gani rabin makinmu ne."

"Katakon?"

Rediyo ya ce, "Wallahi Umma, Dakta ya fi son katakon nan a kanmu. In gobara ta tashi shi zai fara ɗauka."

Auta ta zaunar da ni ta yi min bayani, don ta san ba na barin abu a ɗakina ban san kansa ba. Ta ce Dakta ya ce lissafi da walda kowa zai iya koya. Abin da yake so su fita da shi shi ne yadda mutum huɗu za su ɗauki aiki ɗaya, su tsara shi, su raba, su gama a kan lokaci, ba tare da wani ya ɓoye wa wani komai ba. Allon gida uku ne. Na farko, ba a fara ba. Na tsakiya, ana kai. Na ƙarshe, an gama. Kowane aiki an rubuta shi a 'yar takarda mai gam a baya, da ranar da za a gama shi. Kowa da launinsa: Auta rawaya, Tabarau shuɗiya, Rediyo ruwan hoda, Dogo koriya.

Ta ce, "Doka biyu ce, Umma. Ba mai matsar da takarda sai mai ita, da hannunsa. In kuma mutum ya maƙale, ya ɗauki jan biron nan ya yi mata ɗigo, sai duk mu bar namu mu taimaka masa. Dakta ya ce maƙalewa ba laifi ba ce, ɓoye ta ne laifi."

Duk ranar Alhamis takan ɗauki hoton allon ta tura wa Dakta da 'yan rukunin.

Rubutun da ke kan takardun da Turanci yake, ba na karanta shi. Amma tela ba ta ɓata a launi. Ina kan keke ina ganin rawaya da shuɗiya suna ta tafiya kamar masu zuwa kasuwa. Ruwan hoda ma, duk surutun mai ita, tana rarrafawa ta isa. Sau biyu Rediyo ya yi jan ɗigo, suka taru suka fitar da shi suna masa tsiya. Wata koriya guda ce ta tsaya a gidan tsakiya. Mako ɗaya, biyu, uku, huɗu. Har gefenta ya fara nannaɗewa, ƙura ta hau ta. Ba ta matsa ba, kuma ba jan ɗigo.

Na tambayi Tabarau ko wane aiki ne. Ta ce gwajin hannun ƙarfen ne. Za a kai shi ɗakin gwaji na makaranta, inji ya danna shi da nauyi, a ga ko waldar za ta ɗauki mutum. Sai an gama wannan za a haɗa na'urar.

Ran Talata na ji Auta da Dogo a ƙofar gida. Ina daga ciki, labule ne kawai tsakaninmu.

"Mako huɗu, Dogo."

"Na ce miki ina kai."

"To ka yi ɗigo mana, mu san inda muke."

"Ni zan yi ɗigo? A gidanku? Umma tana gani, Baba yana gani?"

"Au, kunya kake ji? Ni kuma in je gaban Dakta in ce masa me?"

"Ki ce masa abin da kika ga dama, ranki ya daɗe shugaba."

Ya tayar da babur ɗinsa. Ta shigo ido jawur, ta wuce ɗaki ko mayafi ba ta cire ba.

Ga kuma Gwaggonsu, yayar Babansu, tana zaune a gefena ta kawo ɗinki, ta ji komai. Ta ajiye yadin a cinya ta ce, "Kina zaune yarinya za ta kori miji da bakinta? Yaron da yake zuwa ya ɗaga ƙanena kamar ubansa, ya kai shi asibiti, ya dawo da shi? Ina za ki sami irinsa? Wai duk a kan wata takarda da ba ta kai tafin hannu ba."

Na ce, "Yaya, karatunsu ne."

"Karatu wata uku ya rage masa. Aure fa? Ke ce uwa, ki san abin yi."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Ni ba na tsoron Gwaggo, kowa ya sani. Abin da nake tsoro shi ne in mutu in bar Auta ita kaɗai da gadon nan da ke falo.

Washegari Laraba, bayan la'asar, Auta tana makaranta, Dogo ya yi sallama. Yana sanye da rigar aikinsa mai ruwan toka, wadda tartsatsin walda ya huda wa hannu, don bayan darasi yakan taya kawunsa aiki a gareji. Ya kawo wa Babansu maganin da muka rasa a unguwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gyara wa Baba matashi, ya juya shi ɗaya gefen, ya share masa baki da hankici. Bai ko kalli allon ba. Na lura da gangan yake ba shi baya.

Na ce, "Zo nan, Injiniya. Koriyar can taka ce?"

"Tawa ce, Umma."

"Me ya hana ta tafiya?"

Ya sosa ƙeya. "Na yi waldar, na yi lissafin, na rubuta komai. Saura ƙiris."

"Ƙiris kamar me?"

"Ɗora shi a inji kawai. Aikin rabin yini ne."

Bai gaya min injin makarantar ya lalace tun makonni uku ba, ana jiran wani ƙarfe da za a kawo. Ni kuma ban tambaya ba.

Ku ji inda na faɗi. A sana'ata, in na yanka riga, na haɗa, na yi wuya, na yi hannu, saura maɓalli, mai ita ta kira ni, me nake ce mata? Na gama, aiko a karɓa. Kafin ɗan aike ya iso na sa maɓallin. Shekara talatin ina haka, ban taɓa jin na yi ƙarya ba, kuma ba wadda ta taɓa fita tsirara saboda ni. Da Dogo ya ce saura ƙiris, kunnena maɓalli ya ji.

Bayan ya tafi na tashi daga kan keke. Na ce a raina, yaron nan girman kai ne ya hana shi, ita kuma zafin zuciya. In ta ga takardar ta matsa za ta huce, shi kuma gobe ko jibi ya ƙarasa, shi ke nan an wuce wurin. Na ɓamɓare koriyar, na hure ƙurar, na miƙe gefen da ya nannaɗe da farce, na manna ta a gidan ƙarshe.

Sai na ji Babansu ya yi wani gurnani daga gado. Na juya. Idonsa yana kaina, hannunsa mai lafiya yana bugun katifa.

Na ce, "Malam, yi shiru. Gyara nake."

Ya rufe ido.

Auta ta dawo kafin magariba cikin doguwar rigarta mai ruwan ƙasa, jaka a kafaɗa, fuska a murtuke. Tana ɗaga kai ta ga allon sai ta tsaya cak.

"Umma! Dogo ya zo?"

"Ya zo. Ya kawo maganin babanki."

Gaskiya na faɗa, ko ba haka ba? Da irin wannan gaskiyar na ci amanar 'yata.

Ta yi tsalle kamar 'yar shekara goma, ta rungume ni ta baya, ta sumbaci goshin babanta ta ce, "Baba, kwana goma ya rage maka a hannunmu, bayan nan inji zai riƙa ɗaukarka kamar babban mutum." Washegari ta ɗauki hoto ta tura. Ta cire takardun da suka gama ta zuba a ambulan, aikin kuma ya koma makaranta don haɗa na'ura.

Dogo ya ga hoton. Daga baya na ji abin da ya zo masa a rai: wai Auta ce ta matsar don ta rufa masa asiri a gaban Dakta. Kunya ta ƙara kama shi, ya yi shiru, yana ta zarya ɗakin gwaji kullum yana fatan a gyara inji kafin ranar nuni. Ba a gyara ba. Ita tana ganin ya gama, shi yana ganin ta rufa masa, suka shirya, har dariyarsu nake ji a waya. Ni kuma ina taka keke ina jin kaina gwanar sulhu.

Ranar Juma'ar nuni ta fita da sabuwar riga shuɗiya da na kwana biyu ina yi mata, da farin mayafi, har da 'yar hoda. Ƙarfe biyu ba ta yi ba sai ga ta ta dawo, Tabarau na riƙe da hannunta. Gaban rigar duk yashi.

Tabarau ce ta ba ni labari, don Auta ta kasa magana. Dakta ya hana a ɗora mutum, ya ce buhunan yashi za a sa daidai nauyin babban namiji. Na'urar ta ɗaga su, ta kai ƙugu, ta kai ƙirji, 'yan aji har sun fara tafi. Sai ji aka yi ƙas! Hannun ya ɓalle daga wurin walda, buhunan suka faɗo suka fashe a kan siminti.

Dakta bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙarfe yakan karye, don haka ake gwaji. Ya ce a ba shi sakamakon gwajin. Dogo ya ce ba a yi ba. Dakta ya buɗe wayarsa ya nuna hoton ranar Alhamis ya ce, to wa ya kai koriyar nan gidan ƙarshe?

Dogo ya ce, "Ba ni ba ne."

Auta ta ce, "Ni ma ba ni ba ce."

Suka kalli juna a gaban aji guda, kowa yana jiran ɗaya ya faɗi gaskiya.

Dakta ya ce ya ba su zuwa Litinin ƙarfe goma. Wanda ya matsar ya zo ofis ya faɗa, zai maimaita darasin baɗi. In ba wanda ya zo, shugaba ce za ta ɗauka, don abin da allo ya faɗa da yawunta ya faɗa. Maimaita darasin kuwa yana nufin ba fita bana.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Tashi ki cire rigar nan in kakkaɓe."

Ran Asabar Auta ta wuni a ɗaki. Wayarta tana kan tebur kusa da kekena tana ta haske, ba ta ɗauka. Da rana ta fito shan ruwa, ta duba, ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce, "Umma, ji mutuminki." Ta karanta min.

"Ki ɗauki waya don Allah."

"Na san don ni kika yi, ban ga laifinki ba."

Ta rubuta masa a gabana, tana faɗa da ƙarfi: "Don kai na yi me? Har yanzu ni kake son liƙa wa?"

Ya amsa: "Na rantse ban taɓa ta ba."

"Aljani ne kenan ya shigo falonmu."

Ta kife wayar. Ni kuma na sunkuya ina neman zaren da ke hannuna.

Lahadi da hantsi wani saƙon ya shigo. Wannan ba ta karanta da ƙarfi ba, miƙo min ta yi, na bi shi da yatsa a hankali.

"Gobe zan je in ce wa Dakta ni ne. Ba za ki rasa shekara saboda ni ba. Ki kula da Baba."

Ta ce, "Kin gani? Ya amsa. Kwana biyu yana rantsuwa, yau ya amsa." Ta zauna a bakin gadon babanta, hawaye na zuba ba ta share ba. "Umma, da ya ce min ya kasa, da na ɗauki ƙarfen a kaina na zaga gari neman inji. Amma ya kalli idona ya yi ƙarya, ya bar ni na tsaya gaban mutane. Ki gaya wa Gwaggo a bar maganar auren nan. Ba zan iya zama da mutumin da sai na bincika bayansa ba."

Ta shige ɗaki.

Ga hanya ta buɗe min, ku duba. In na yi shiru, Auta za ta fita bana da sakamakonta. Dogo zai ɗauki sunan maƙaryaci da shekara guda a kan abin da bai yi ba. Ni kuma in ci gaba da zama Umma mai faɗa, wadda ba ta yarda da ƙarya ko ta wasa, wadda ta taɓa mayar da Auta shago tana 'yar shekara bakwai saboda alawa guda. Ba wanda ya gan ni.

Sai mutum ɗaya.

Na kawo wa Babansu shayi na ɗaga kansa. Ya datse baki. Na kai cokali, ya kau da fuska. Shekara arba'in muna tare, bai taɓa ƙin abin hannuna ba. Ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshensa, miyau na zuba, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mutumin da sai ya yi mako bai haɗa kalma ba.

Ya ce, "Fa... ɗa."

Litinin da safe na kira Gwaggo ta zauna da shi. Na ɗauko atamfar da nake zuwa asibiti da ita, na yafa babban mayafina baƙi. Auta ta fito cikin tsohuwar doguwar riga, ba hoda, ba kwalli.

"Umma, ina za ki?"

"Makarantarku."

"Roƙon Dakta za ki yi? Ba ya jin roƙo."

"Wuce mu tafi."

Ban taɓa shiga jami'a ba. Bene hawa uku muka hau, ina hutawa a kowane hawa. Dogon baranda, ƙofofi iri ɗaya, warin fenti da na man inji. Rediyo da Tabarau suna zaune a kan benci a ƙofar ofis. Rediyo ya gaishe ni da kalma biyu kacal, nan na san abin ya kai inda ya kai. Ƙofar a ɗan buɗe take. Na ji muryar Dogo daga ciki.

"Dakta, na zo ne in faɗa. Ni na..."

Na tura ƙofar ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi a gidan kowa ba.

"Ƙarya yake yi. Ni ce."

Dakta ɗan siririn mutum ne mai furfura a gemu. Ya miƙe ya jawo min kujera. Na ce a tsaye zan faɗa. Na faɗi komai: Talata, Laraba, maɓalli, har gurnanin Babansu. Dogo ya dafe bango. Ban juya na kalli Auta ba, amma ina jin numfashinta a bayana.

Dakta ya ajiye biro. Ya ce, "Mama, shekara goma sha biyar ina koyar da darasin nan, na ga masu ƙarya, na ga malalata. Ban taɓa tunanin rubuta doka a kan uwa ba." Ba wanda ya yi dariya. Ya juya ga Dogo. "Kai kuma ba ka fita ba. Mako huɗu ka maƙale ba ka yi ɗigo ba. Ka ga hoto ya yi ƙarya ka yi shiru kwana takwas. Yau kuma ka zo da wata ƙaryar, ko da ta alheri ce." Ya dubi Auta. "Ke kuma kin ga takarda ta matsa, ba ki ce a nuna miki sakamako ba, don mai takardar naki ne." Ya ce ba wanda zai maimaita shekara. Zai rage musu maki, ya ba su mako uku su sake walda, su nemi inji a wani wuri su yi gwaji. Allon kuma a kawo shi makaranta.

A baranda Dogo ya matso ya ce, "Auta..."

Ta ɗaga masa hannu. "Kwana takwas, Dogo. Kana tsammanin na yi ƙarya saboda kai, kuma ka ji daɗi."

Sai ta juyo gare ni. Muryarta ƙasa-ƙasa, da ladabi, shi ya fi ciwo.

"Umma, kin san abin da na shirya? Dakta ya yarda in an gama nuni mu kawo na'urar gida ran Asabar. Da bai ce a sa yashi ba, ko kuma da waldar ta ƙara minti biyu ba ta ɓalle ba, Baba zan ɗora. Da hannuna. A cikin majanyin da kika ɗinka."

Tabarau ce ta zaunar da ni a benci.

A mota ba ta zauna kusa da ni ba. Da yamma Rediyo ya zo ya cire allon. Yanzu ramin ƙusa huɗu ne a bangon, Babansu yana wuni yana kallonsu. Shayi dai ya koma sha. Da safe ni da Auta muna ɗaga shi kamar da, ni ta kafaɗa, ita ta ƙafa, kanmu yana kusan haɗuwa, ba ta kallon idona. Tana gaishe ni, tana min wanki, tana tambaya ko na sha magani. Labarin makaranta ne ta daina ba ni.

Jiya da azahar Gwaggo ta kira. Ta ce kawunnan Dogo sun aiko, suna so su zo ran Asabar a tsayar da rana, tunda an ce komai ya wuce. Na ce ta riƙe waya. Na je ƙofar ɗakin Auta na ƙwanƙwasa, abin da ban saba ba.

"Auta, mutanen Dogo ne. Wai Asabar. Me za a ce musu?"

Ta ce, ba ta buɗe ƙofar ba, "Ki amsa musu, Umma. Ai kin iya matsar da takardar da ba taki ba."

Na tsaya da waya a kunne. Gwaggo tana ta faɗa, "Kina jina? Ki ce su zo kawai, yarinya ce, kafin Asabar ta huce. Ai an gama magana, saura ƙiris."

Na kalli Babansu, ya kalle ni.

Na ce, "Yaya, ce musu su dakata. Ba a gama ba. Mun maƙale."